Yadda Ake Tsara Shirin Soyayya Mai Faranta Rai a Talabijin

Wanda ya zauna kallon shirin soyayya mai dogon zango ya san ƙarshensa tun daga kashi na farko. Da jarumi da jaruma sun haɗa ido, magana ta ƙare, an san inda za a kwana. Amma duk da haka mutum zai ba da awa 16 ko fiye yana jira, yana ƙin barci, yana jin haushin tallan da ke katse masa kallo. Marubucin da bai gane dalilin wannan jiran ba shi ne yake cika labari da hatsarin mota da ciwon mantuwa da ɓoyayyen ɗa, wai yana neman ya ba mai kallo mamaki. Mai kallo kuwa abin da ya kawo shi daban ne: yana so ya ga yadda mutum biyu da ba su yi niyyar son juna ba za su kasa hana kansu, kuma ya kalla hankali kwance, da tabbacin ba za a yi masa yankan ƙauna a ƙarshe ba.

Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallon talabijin ke shaƙuwa da wanda yake gani a allo kamar wanda ya sani ido da ido. A shirin soyayya wannan shaƙuwar ita ce jari. Mai kallo ziyara yake kawowa kowane mako wurin mutanen da yake jin daɗin zama da su. Saboda haka aikin marubuci da darakta gaba ɗaya ya tattaru a kan abu guda: nisan da ke tsakanin mutum biyu, yaushe za a rage shi, da nawa, kuma me zai sa ya ƙaru.

A fara da mutum biyun

Kafin a rubuta fitowa ko ɗaya, a rubuta shafi guda a kan kowannensu, a amsa tambaya uku. Me yake nema a fili, wanda ba soyayya ba? Me yake tsoro? Wace ƙarya yake yi wa kansa don kada ya fuskanci tsoron?

Ga misalin da za mu yi ta komawa kansa. Ita shugabar wata ƙaramar makaranta ce mai tsohon gini. Abin da take nema shi ne kada a rufe makarantar. Tsoronta ta dogara da wani ya tafi ya bar ta, domin hakan ya taɓa faruwa da ita. Ƙaryar da take yi wa kanta ita ce ba ta bukatar kowa. Shi kuma injiniya ne da aka turo ya duba ginin, ya miƙa rahoto cikin wata uku. Burinsa ya gama ya koma inda ya fito. Ya taɓa yin sassauci ya sa hannu a kan wani gini, ginin ya zo ya tsage, don haka yanzu yake cewa shi lissafi kawai yake bi, ba ruwansa da mutane.

A lura dukansu suna da gaskiya. In an rufe makarantar yara za su watse, in an bar ta a buɗe rufi na iya faɗo musu. Babu mugu a nan, kuma ba a bukatarsa. Shingen da ke tsakaninsu ya fito daga aikinsu da halinsu, shi ya sa zai iya ɗaukar nauyin kashi 16 bai karye ba.

Akwai gwaji biyu da suke tona raunin labari tun yana takarda. Na farko, a cire soyayyar a gani: in har akwai sauran labari, wato makaranta da rahoto da wata uku, to ginin yana da tushe. Na biyu ya fi zafi. A tambayi kai, shin matsalar da ta raba su kiran waya ɗaya zai warware ta? Ta hango shi da wata, ashe ƙanwarsa ce, ta yi fushi har kashi uku ba ta tambaye shi ba. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe irin wannan shiri, domin tana mayar da jaruman wawaye, kuma ba wanda yake jin daɗin ziyartar wawa kowane mako. Rashin fahimta yana da amfani in bai wuce fitowa biyu ko uku ba, musamman don ban dariya. In ya zama ginshiƙi, an ci amanar mai kallo.

A cikin minti goma na farko, a nuna kowannensu yana yin abin da ya ƙware a kai. Ita tana sasanta iyaye biyu da suka zo da faɗa, cikin minti ɗaya, ba tare da ta ɗaga murya ba. Shi ya ƙwanƙwasa bango sau biyu ya faɗi inda ruwa yake shiga. Ƙwarewa tana sa a so mutum fiye da kyan fuska, kuma tana ba ɗayan dalilin girmamawa tun kafin so ya shigo. Sannan a nuna aibinsu, aibi na gaske wanda yake ɓata wa wasu rai. Jarumar da laifinta kawai shi ne yawan kirki ba ta da inda za ta je, don ba abin da za ta canza.

Dole ta haɗa su

Mutum biyu da suke jin haushin juna rabuwa suke yi, sai in wani abu ya ɗaure su. Aiki ɗaya, gini ɗaya, gado ɗaya da aka bar musu tare, yaro ɗaya da dukansu suke kula da shi. A ɗaure wannan igiyar kafin ƙarshen kashi na biyu, kuma a sa mata wa'adi. Wata ukun injiniya shi ne agogon shirin: kowane kashi mai kallo ya san kwana na ƙarewa. Haɗuwa bisa tsautsayi, a hanya ko a asibiti, an yarda da ita sau ɗaya, a farko. Daga nan duk haɗuwa sai da dalili.

Rabon nisa a kan kashi-kashi

Tsawon shiri ya danganta da inda za a nuna shi. Shirye-shiryen Koriya ta Kudu sun daɗe a kan kashi 16, kowanne kimanin awa ɗaya, biyu a mako, kodayake yanzu ana yawan yin 12. Na Turkiyya kashi ɗaya yakan haura awa biyu, sai a yayyanka shi zuwa kimanin minti 45 idan za a sayar a ƙasashen waje. Na Latin Amurka sukan wuce kashi 100, ana nunawa kullum. Ga shirin da ake so ya faranta rai, 12 zuwa 16 ya fi dacewa. Abin da ya wuce haka sai an nemo masifu an cusa don a cike lokaci, kuma masifa ita ce abin da mai kallo ya gudo daga gare shi.

A kan 16, ga rabon da ya fi yin aiki. Kashi na 1 da na 2 na haɗuwa ne da saɓani da ɗaure igiya. Daga na 3 zuwa na 5 suna aiki tare ba da son ransu ba, kowa yana ganin abin da bai zata ba a wurin ɗayan: ta tarar da shi da dare yana gyara famfon yara ba wanda ya sa shi, shi kuma ya gano albashinta take cirewa tana biyan mai gadi. A nan mai kallo yake riga su ganewa, kuma wannan rigayen yana daga cikin manyan daɗin shirin. Kada a yi saurin ƙwace masa shi.

Daga na 6 zuwa na 8 ɗayansu ya gane halin da yake ciki, ya yi ƙoƙarin musantawa, ya kasa. Ya fi kyau ɗaya ya riga ɗaya da kashi guda ko biyu, domin wanda ya sani yana kallon wanda bai sani ba abin kallo ne mai daɗi. Ƙarshen kashi na 8, wato tsakiyar shirin, nan ne wurin furucin so ko abin da ya yi kusa da shi.

Kashi na 9 zuwa na 11 su ne waɗanda marubuta suka fi zalunta. Nan ne ya kamata a bar su su ji daɗin juna, su yi dariya, su yi shirmen sabon so, su yi ƙoƙarin ɓoyewa alhali kowa a makarantar ya sani. Marubuci yakan ji tsoron cewa in babu rikici babu labari, sai ya jefo bala'i tun a kashi na 9. Kuskure ne babba. Mai kallo ya yi awa takwas yana jiran wannan lokaci, hakkinsa ne a ba shi. Abin da zai riƙe jan rai yana nan a ƙasa: rahoton bai tafi ko'ina ba, injiniya ya riga ya ga tsagar da ke ginshiƙin tsakiya, kuma bai faɗa mata ba tukuna. Mai kallo yana murmushi yana kuma fargaba.

Daga na 12 zuwa na 14 abin da aka binne ya fito. Ya miƙa rahoton gaskiya, aka rufe makarantar. Ita ta koma kan ƙaryarta ta farko, cewa da ma bai kamata ta dogara da kowa ba. Shi ma ya koma kan tasa. Kada rabuwar ta wuce kashi ɗaya da rabi, iyaka biyu, kuma ko a cikinta a riƙa haɗa su a fitowa ɗaya ko biyu, ko da a taron iyaye ne suna zaune nesa da juna. In jaruman suka yi kashi uku ba su haɗu ba, shirin ya daina zama abin da aka zo kallo.

Na 15 da na 16 na gyara ne, kuma da aiki ake yin sa. Kowannensu sai ya yi abin da ƙaryarsa ta hana shi a da, kuma ya biya wani abu. Ita ta tashi ta nemi taimakon mutane a bainar jama'a, abin da ta fi ƙi a duniya. Shi ya ƙi karɓar ƙarin girman da zai mayar da shi inda ya fito, ya tsaya ya zana yadda za a tokare ginin. In ɗaya ne kawai ya canza ɗayan yana zaune yana jiran a ba shi haƙuri, ƙarshen zai yi ɗaci ko da an yi biki.

A gefen wannan rabon, a rubuta matakan kusanci kamar 12 zuwa 15, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, a rarraba su a kan kashi-kashi. Ranar da ya fara yi mata dariya ta gaskiya. Ranar da ta kare shi a bayan idonsa. Ranar da ya lura ta canza tabarau. Ranar da ya daina ce mata Malama ya kira sunanta. Kowane mataki sau ɗaya ake amfani da shi, kuma ba a tsallake uku a lokaci guda. Ƙa'idojin tasha da na masu kallo su ne za su nuna iyakar abin da za a iya nunawa na taɓa juna, amma matakan nan suna aiki ko da ba a taɓa ko yatsa ba. Hasali ma shirin da aka hana shi taɓawa yakan fi ƙwarewa a kallo da shiru, don ba shi da wata mafita.

Dabarar aiki: a manna kati 16 a bango, kowanne da matakin kusancin da ke cikinsa, da abin da aka shuka, da kashin da za a girbe shi. Duk abin da zai yi tasiri a na 15 sai an shuka shi kafin na 5. In a kashi na 3 ta ce ba ta taɓa barin kowa ya riƙe mata makullan makarantar ba, to ranar da ta miƙa masa su a na 16 ba a bukatar ko kalma ɗaya.

Cikin kashi ɗaya

A tsarin rubutun fim da aka saba, da harafin Courier mai girman 12, shafi ɗaya yana daidai da kimanin minti ɗaya a allo. Kashi mai minti 45 shafi 45 ke nan, ko sama da haka kaɗan in magana ta yi yawa. Wannan yakan ba da fitowa 25 zuwa 30. A ba labarin masoyan kamar kashi 60 cikin 100 na lokacin, labarin aiki 25, sauran 15 na mutanen gefe. Jaruman biyu su haɗu a fitowa huɗu ko biyar aƙalla, kuma kada minti goma su wuce ba a gan su tare ba ko ba a ga ɗaya yana fama da tunanin ɗayan ba.

Abin da yake sa mutum ya kashe talabijin ransa fari shi ne ƙaramar matsala da aka buɗe aka kuma rufe a cikin kashin. Yaron da ya daina zuwa makaranta ya dawo. Tsohon malamin da ya yi fushi ya huce. Babban labari yana nan a buɗe, amma an ba mai kallo wani abu ya tafi da shi. Shirin da kowane kashi yake ƙarewa da sabon tashin hankali ba a warware komai ba, gajiyarwa yake yi.

A rufe kashi a kan tambayar zuciya. Ta buɗe ƙofa ta gan shi tsaye, ya zo faɗin wani abu. Wannan ya fi bindiga da motar asibiti tasiri a irin wannan shiri. In tashar tana sa talla, a raba kashin gida huɗu ko biyar, kowane gida ya ƙare da ƙaramar tambaya irin wannan.

Magana

Masoyan da suke faɗin duk abin da ke ransu ba su bar wa mai kallo aiki ba. A kwatanta. Ya ce: "Na damu da ke ƙwarai, ba na so wani abu ya same ki." Wannan kowa zai iya rubutawa, kuma ba wanda zai tuna. Ga wata hanyar:

"Malama, ofishinki zan fara rufewa."
"Ofishina? Ai azuzuwa sun fi shi lalacewa."
"Sun fi shi. Amma yara ƙarfe biyu suke tashi, ke kuwa har tara na dare kina ciki."
"Wa ya gaya maka?"
"Fitilarki."

Bai ambaci so ba, amma ya tona kansa cewa yana lura da fitilarta har tara na dare. Haka ake so mafi yawan maganarsu ta kasance: a baki ana zancen gini, a ƙasa ana zancen wani abu. Furuci na fili a ajiye shi, sau biyu ko uku a duk shirin ya isa, kuma ya zo da kalmomin da wannan mutumin kaɗai zai faɗa. Injiniya ba zai rikiɗe ya koma mawaƙi ba don so ya kama shi.

Wani abin kiyayewa: nacin da ya wuce iyaka. Jarumin da yake bin mace bayan ta ce a'a, yana finciko hannunta, yana duba wayarta, yana hana ta magana da wasu, an daɗe ana sayar da shi a matsayin mai tsananin so. Masu kallo da yawa yanzu tsoro yake ba su, kuma tsoro da kwanciyar hankali ba sa zama wuri ɗaya. Kishi a nuna shi a matsayin rauni da mai shi yake jin kunyarsa.

Mutanen gefe da wurare

Biyar zuwa bakwai sun isa. Kowane jarumi yana bukatar mutum ɗaya da zai faɗa masa gaskiya, don kada a koma ga jarumi yana magana shi kaɗai a ɗaki. A samu masoya na biyu, tsofaffi ko matasa, waɗanda labarinsu ya fi sauƙi da ban dariya, su riƙe shirin lokacin da manyan suka rabu. In akwai mai neman jarumar na biyu, a yi shi mutumin kirki wanda da gaske zai iya dacewa da ita. In mugu ne ko sakarai, zaɓinta ba shi da nauyi. Kuma a sallame shi da mutunci, don akwai masu kallon da shi suke so.

Wurare uku ko huɗu da ake komawa kullum sun fi ashirin da ake gani sau ɗaya. Suna rage kuɗin ɗauka, kuma mai kallo yana sabawa da su har ya san inda kowa yake zama. Sai ranar da kujerar injiniya ta zama babu kowa a kai, a ji abin.

Zaɓen 'yan wasa da ɗauka

Kada a zaɓi jarumi da jaruma kowa daban saboda suna. A haɗa su a gwaji, a ba su fitowa biyu, ta faɗa da ta shiru, a ɗauka da kyamara, a kalla a allo. A lokacin kallo a sa ido a kan wanda ba ya magana. In yana sauraro da gaske, fuskarsa tana canzawa da maganar ɗayan, an samu. In jira kawai yake layinsa ya zo, duk kyansa ba zai yi ba. Jituwar da ake gani a ɗakin gwaji da ido wani lokaci ba ta fitowa a allo, shi ya sa ɗaukar ta zama dole.

Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a nan ne kyamara take cin abincinta. A kimanin 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa hoton fuska guda yana canza ma'ana gwargwadon hoton da aka jera kusa da shi. Amfanin wannan a aikace shi ne, a kowace fitowa ta masoyan a ɗauki fuskar mai sauraro daga farko har ƙarshe, kuma darakta ya jinkirta sakan biyar zuwa goma bayan layin ƙarshe kafin ya tsayar da ɗauka. Sau da yawa abin da ya fi kyau a fitowar yana cikin waɗannan sakan ɗin, kuma edita ba zai iya ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba.

Don hoton fuska a kusa, gilashin kyamara mai milimita 50 zuwa 85 ya fi, domin mai faɗi, wato mai ƙarancin milimita, yana kumbura hanci ya ɓata fuska in an matso. A kiyaye ƙa'idar digiri 180: a ja layi tsakanin mutum biyun, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya. In ta tsallaka, a allo za a ga kamar dukansu gefe guda suke kallo, kallon juna ya lalace, kuma kallon juna shi ne kayan sayarwar. Tsarin hoton ma yana bin matakan kusanci. A kashin farko a riƙa ɗaukar kowa shi kaɗai, ko da tebur ko ƙofa a tsakani. Yayin da suke matsowa a fara haɗa su a hoto ɗaya. Lokacin rabuwa a koma raba su.

Haske mai laushi, mai ɗumi, shi ya dace. Fitilar da ke wajen 3200 a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna launin haske da shi, tana ba da ruwan zinariya, hasken rana kuwa yana wajen 5600, kuma in aka gauraya su ba a daidaita ba fuska ɗaya za ta fito ja ɗayar shuɗiya. Hasken gab da faɗuwar rana yana da kyau, amma bai cika kai awa ɗaya ba, don haka a gama atisaye tun da sauran rana. A jadawali, in ana ɗaukar shafi biyar zuwa takwas a rana, a ware wa fitowar furuci rabin yini ita kaɗai, kuma kada a sa ta a makon farko, kafin 'yan wasan su saba da juna.

Sauti da tacewa

Manyan maganganun irin wannan shiri a hankali ake faɗinsu, wani lokaci da raɗa. A sa makirufo na sanda a sama, a kuma maƙala ƙarami a jikin kowa, a kashe fanka da firji, a ɗauki sautin ɗakin shiru na sakan 30 zuwa 60 kafin a tashi, don edita ya cike giɓi da shi. Furucin da aka sake naɗa a situdiyo bai cika kama na wurin ɗauka ba. Wajen haɗa sauti a tambayi tashar ma'auninta. Tashoshin Turai, alal misali, suna bin ƙa'idar EBU R128, wadda ta tsayar da ƙarfin sauti a -23 a ma'aunin da ake kira LUFS.

Kiɗa a yi masa rowa. A samu taken masoyan guda ɗaya, a fara sa shi da kayan kiɗa ɗaya tak a kashi na 3 ko na 4, a riƙa ƙara masa kaya yayin da suke kusantar juna, cikakkensa sai a na 8 da na 16. In aka sa shi duk lokacin da suka haɗa ido, kafin kashi na 6 ya zama abin dariya. Kuma kiɗan ya shigo bayan fuska ta nuna abin, kada ya riga ta. Haka maimaita tsofaffin fitowa don tuna baya: sakan 10 zuwa 15 ya isa, kuma kada a maimaita abin da aka gani a cikin kashin da ake ciki.

Kashi na ƙarshe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja sulhun har minti biyun ƙarshe, su haɗu, sunaye su hau allo. Wanda ya yi kashi 15 yana jira bai ƙoshi ba. A gama sulhu kafin a kai kashi biyu cikin uku na lokacin, wato wajen minti na 30 a kashi mai minti 45. Sauran 15 ɗin a nuna su tare a rayuwar yau da kullum, a rufe labarin masoya na biyu, a sallami kowane mutumin gefe da fitowa ɗaya tasa. Tsallaken lokaci, irin na "bayan shekara biyu", a yi shi ne kawai in akwai abin da dole sai lokaci ya nuna, kamar ginin da aka gama gyarawa. In an yi shi don a raba su a sake haɗa su a minti biyar, ɓata lokaci ne.

Kafin a miƙa wa tasha, a nuna kashi na 1, na 8 da na 13 ga mutum takwas ko goma da ba su karanta rubutun ba kuma ba su da dangantaka da masu shirin. Kada a tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. A zauna a baya a rubuta mintin da wani ya ɗauko wayarsa, da mintin da aka yi dariya, da inda wani ya yi wa allo magana. Bayan na 13 a yi musu tambaya ɗaya: wa ke da gaskiya, ita ko shi? In duk suka goyi bayan mutum ɗaya, a koma ɗakin tacewa a ƙara wa ɗayan fitowar da za ta nuna dalilinsa, ko da sai an sake ɗaukar ta.